Mai Kiwon Ɓerayen Gwaji: Sana'ar Allura da Littafi

Ɓeran da uwargida ke ɗana wa tarko, akwai wanda abincinsa ya dogara da kula da shi. Wannan shi ne mai kiwon ɓerayen ɗakin bincike. Ta hannunsa ake gwada magungunan da ake fatan su tare ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta halaka ƙwayoyin da ke samar da insulin.

Ɓerayen da yake kiwo farare ne, ana ce musu NOD. Masana a kamfanin Shionogi na Japan ne suka fitar da irinsu, suka sanar da duniya a 1980. Ciwon suga gadonsu ne: mafi yawan matan kan kamu kafin su cika mako 30, mazan kuwa kaɗan ne ke kamuwa. Shi ya sa aka fi gwaji da matan.

Da safe sai ya saka riga ta musamman, da safar hannu, da takunkumi kafin ya shiga. Wannan tsafta tana da dalili mai ban mamaki: idan ƙwayar cuta ta shigo ɗakin, ciwon sugan raguwa yake yi a jikin ɓerayen, sai a ɗauka magani ne ya yi aiki alhali ba shi ba ne. Kowane ɓera da shaidarsa a kunne. Yakan cafke shi ta fatar ƙeya, ya ɗiga fitsarinsa a kan tsinken gwaji. In ya nuna suga, sai ya tsaga bakin jela kaɗan ya auna ɗigon jini, ya rubuta.

Da irin wannan aiki aka kai ga wani sakamako a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera. Ayarin Charmaine Simeonovic da Christopher Parish ya gano cewa ƙwayoyin da ke samar da insulin cike suke da wani sinadari, heparan sulfate, wanda ke kare su daga lalacewa. Sojojin garkuwar jiki kuma suna zuwa da heparanase, wanda ke daddatsa shi. Sai suka gwada PI-88, maganin da aka kwaikwayi heparin, wato allurar nan ta hana jini daskarewa, wajen haɗa shi. Daga yis ake samo shi, kuma tun asali don ciwon daji aka yi shi. Aka raba ɓerayen gida biyu: wasu ana yi musu allurar maganin, wasu ruwan gishiri kawai. A 2012 suka wallafa cewa maganin ya adana sinadarin, ya kuma rage yawan masu kamuwa.

Sunan mai kiwon ba kasafai yake fitowa a irin wannan labari ba, amma kuskuren alƙalaminsa na rana ɗaya ya isa ya rushe aikin watanni. Shi ne kuma ya fi kowa sanin cewa ɓera ba mutum ba ne: hanyoyi fiye da 100 sun tare ciwon a jikin NOD, amma har yau masu nau'i na ɗaya da allurar insulin suke rayuwa. Jarin wannan sana'a biyu ne: haƙuri, da rubuta abin da aka gani ko da bai yi daɗi ba.