Ingal: Garin Dabino da Gishiri a Yammacin Agadas

Ingal ƙaramin gari ne a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, yamma da birnin Agadas. A miƙe tazararsu ba ta wuce kilomita 120 ba, amma mai mota yakan ci kusan 160, domin babbar kwaltar da ta haɗa Tawa da Agadas ba ta ratsa garin ba. Sai an sauka daga kanta an kama wani reshe kafin a hango kawunan dabino da gidajen laka.

Garin yana zaune ne a mahaɗar ƙasa iri biyu. Ta kudu da gabas akwai gangaren dutsen Tigidit, wanda ya lanƙwasa kamar baka ya kewaye kudancin Agadas. Ta arewa kuwa filin Irhazer ne, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka wadda ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin yake malala a kanta. Da rani filin yakan bushe ya tsattsage, iska ta yi ta kwasar ƙura a kansa. Ruwan sama kaɗan ne, bai cika wuce milimita 200 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Amma da zarar ya sauka, lakar ba ta shanye shi da wuri: tafkuna su cika, ciyawa ta tsiro, hanyoyin daji su zama taɓon da ke riƙe mota kwana da kwanaki. Ƙasar kuma da ruwan maɓuɓɓuganta suna ɗauke da gishiri da kanwa, kuma a kan wannan ne rabin arzikin yankin ya tsaya.

Ɗaya rabin yana ƙarƙashin yashin ƙoramar da ta bi ta gefen garin. Ƙoramar ba ta gudu sai an yi ruwa, wani lokaci na ƴan sa'o'i kawai, amma abin da ya nutse cikin yashi yakan zauna kusa da sama. Shi rijiyoyi ke kamawa, shi kuma saiwar dabino ke sha.

A shekarar 2011 aka ɗaga Ingal ta zama gunduma mai zaman kanta, bayan ta daɗe a ƙarƙashin Cirozerin. Gundumar tana da faɗi ƙwarai, ta miƙe har iyakar Aljeriya, inda tashar Asamaka take. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 50,000 a cikinta, sai dai mafi yawansu makiyaya ne da ke warwatse a rugage da bakin rijiyoyi. Mazauna cikin gari dubbai kaɗan ne. A dajin akwai Abzinawa, musamman Kel Fadey da Igdalen, akwai Larabawa masu raƙuma da fatauci, akwai Fulani Woɗaaɓe waɗanda Hausawa suka fi sani da Bororo. A kasuwa kuwa Hausa ce ke haɗa kowa.

Ƴan asalin garin su ne Isawaghen, kuma suna da harshen kansu, Tasawak, wanda wasu ke kira Ingalci. Wannan shi ne abin da ya fi ba masana mamaki game da Ingal. Tushen harshen da nahawunsa na dangin Songhai ne, wato ɗan'uwan Zabarmanci da harshen Gao da Tumbuktu, alhali kuwa tsakanin Ingal da kogin Kwara akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Kalmominsa da yawa daga Tamashek suka shigo, wasu daga Larabci da Hausa. Masu jin sa ba su wuce ƴan dubbai ba, kuma kusan a Ingal da garin gishiri na Tegidda-n-Tesum kaɗai ake yin sa. A da yana da ɗan'uwa a cikin birnin Agadas kansa: lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850 ya tarar ana magana da wani harshe irin wannan, har ya rubuta kalmominsa. Na Agadas ya mutu, Hausa ta maye gurbinsa. Na Ingal yana nan a bakin iyaye mata da ƴaƴansu, ko da yake yaron garin yakan tashi da harshe uku ko huɗu.

Tarihin baka na mutanen garin yana danganta asalinsu da Azelik, wani kufai da ke arewa. Masu binciken kayan tarihi da suka yi tono a wurin a shekarun 1970 sun samu alamun narkar da tagulla, kuma da yawansu sun yarda cewa nan ne Takedda, garin da Ibn Battuta ya sauka a 1353. Matafiyin ya ba da labarin yadda ake zuba tagulla sanda-sanda, masu kauri da sirara, ana cinikin nama da gero da su, ana kuma kai su Gobir da Barno. Bayan ƙarfin sarautar Agadas ya bunƙasa, Azelik ta rushe, waɗanda suka tsira suka koma Tegidda da Ingal. Daga nan garin ya shiga ƙarƙashin Sarkin Abzin, ya zama zango a kan hanyar ayari tsakanin Agadas da Adar.

Dabinon Ingal yana da suna a Nijar. Irin da aka fi yabo shi ne wanda ake kira almadina, mai laushi da zaƙi, kuma masu gari suna cewa sharifai ne suka zo da irinsa daga Madina. Gonakin sun jeru ne a gaɓar ƙorama, kowace da shingenta. Aikin dabino yana son haƙuri: a cire ɗan da ya fito a gindin uwa a dasa, a yi ta ba shi ruwa har saiwarsa ta kai ga damshi, sannan idan lokacin fure ya yi mutum ya hau ya ɗauki furen namiji ya sa wa mace da hannu. Ana gadon itatuwan kamar yadda ake gadon gida. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun sa ruwan ƙasa ya ja baya, itatuwa da yawa suka bushe, ambaliyar ƙorama kuma takan ci gaɓa ta tafi da wasu.

Gishirin kuwa a Tegidda-n-Tesum ake yin sa, kimanin kilomita 80 arewa da garin, kuma mutanen Ingal ne masu wurin. Sukan tafi can da rani su yi watanni. Ba haƙo shi ake yi kamar dutse ba. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba a manyan ramuka, a kwarara mata ruwan zartsi na maɓuɓɓuga, a dama, a bar laka ta kwanta. Ruwan da ya tashi sama sai a kwashe shi zuwa ƙananan gurabe da aka shafe da laka, ɗaruruwansu a jere, rana ta yi sauran aikin. Kowane gurbi da launinsa gwargwadon yadda ya kai ga bushewa, wani ja, wani rawaya, wani fari-fari, shi ya sa hoton Tegidda daga sama ya zagaya duniya. Lakar da aka gama da ita ana tara ta gefe, har ta zama tuddai a filin da babu ko tsauni. Mata suna da babban hannu a aikin, musamman wajen kwashe gishirin da cura shi. Launinsa ja-ja ne saboda laka, kuma yawancinsa na dabbobi ne. Tun da can da shi ake musayar geron kudu, domin Ingal ba ta noma abin da za ta ci. Ruwan sama na fari yana sauka aikin ya tsaya.

A daidai lokacin ne kuma makiyaya ke shigowa. Idan damina ta kama a ƙasar noma, dole dabbobi su ba gonaki wuri, kuma tun 1961 dokar Nijar ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Garkunan Kel Geres daga wajen Madawa, na Abzinawan Azawak, da jajayen shanun Woɗaaɓe masu dogayen ƙaho sukan yi makonni suna tafiya har filin Irhazer. Dabbar da ta ci sabuwar ciyawa ta sha ruwan zartsi takan wanke ciki, ta yi ƙiba, ta ƙara nono. Wannan lasar gishiri ita ce asalin bikin da hukuma ke kira Cure Salée da Faransanci, wanda ake yi a Ingal cikin Satumba. Na ƴan kwanaki garin yakan cika ya batse. Manyan gwamnati su zo daga Yamai, a yi wa dabbobi rigakafi, sarakunan makiyaya su kai kukansu kan rijiyoyi da burtali. Matan Abzinawa su kafa tende, gangar da ake yi da turmi, mahaya raƙuma su yi ta kewaya su cikin ado. Samarin Woɗaaɓe su shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya, su jeru suna nuna farin ido da farin haƙori, ƴan mata su zaɓa. Baƙi sun fi ɗaukar hoton wannan, amma ga makiyayi ribar taron ita ce ganin dangi, ƙulla aure, biyan bashi da jin inda ruwa ya sauka. Woɗaaɓe ma manyan tarukansu na dangi a daji suke yin su, nesa da rumfar hukuma.

Garin yana da nasa bikin na Bianu, irin na Agadas, a farkon shekarar Musulunci. Maƙeransa kuma suna da abin wuyan da ke ɗauke da sunan Ingal, wanda ya bambanta da na Agadas da jan dutse mai kusurwa uku da ake dasawa a cikin azurfa.

Zamanin Turawa ya shigo wa Ingal da jini. Bayan jagoran boren Abzinawa Kawsen da Sarkin Abzin Tegama sun yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, ramuwar gayyar Faransawa ta kai har Ingal, aka kashe mutane, aka kuma gina barikin soja a garin. Abin da ya rage masa ciniki daga baya kuwa hanya ce. Tsohuwar hanyar Tawa zuwa Agadas ta cikinsa take bi, amma da aka shimfiɗa kwaltar jigilar yuraniyom zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, sai ta bi ta kudu, manyan motoci suka daina kwana a Ingal.

Ƙasar yankin tana ɓoye da abin da ya girmi duk wannan. Makiyaya sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa da kututturan itace da suka zama dutse. A 1993 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tono ƙasusuwan wata dabba mai cin nama a In Abaka, aka sa mata suna Afrovenator. A 1997 suka tono wata mai dogon wuya, mai cin ganye, wadda tsawonta ya kusa mita 20, aka kira ta Jobaria tiguidensis, daga Jobar, wani dodo na tatsuniyar Abzinawa, da kuma dutsen Tigidit. Dabbobin sun rayu fiye da shekara miliyan 130 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da dazuzzuka. A kusa da kufan Azelik kuma an samu yuraniyom. Kamfanin SOMINA, na haɗin gwiwar Nijar da Sin, ya fara haƙarsa a wajen 2011, aikin ya tsaya bayan ƴan shekaru, makiyayan wurin kuwa sun sha kokawa kan ruwa da makiyayar da ma'adinin ya ci.