Rancen Korona Bashi Ne, Ba Rabon Arzikin Ƙasa Ba

Wani saƙon murya ya cika zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da na 'yan kasuwa a 'yan makonnin nan. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai ce wani babba ne a Abuja ya tsegunta masa. Abu huɗu ya faɗa kan yadda gwamnati ta yi yunƙurin farfaɗo da tattalin arziki, kuma uku daga ciki ba sa buƙatar dogon bayani.

Ya ce Najeriya ba ta taɓa fita daga karayar tattalin arzikin 2016 ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna an fita a 2017, aka sake faɗawa a 2020, aka fita a ƙarshen shekarar. Tsadar da ke cin mutane gaskiya ce, amma ciwo ne daban. Ya ce saukar rashin aikin yi daga kashi 33 zuwa kashi 4 wasa ne da lissafi. Nan yana da abin kamawa, domin a 2023 hukumar ta canza ma'auni, ta koma ƙirga wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki. Ya ce Asusun Ba da Lamuni na Duniya kyauta ya ba mu kuɗin korona. Dala biliyan 3.4 ɗin nan na Afrilun 2020 rance ne, kuma gwamnati ta gama biyan uwar kuɗin a 2025.

Magana ta huɗu ita ce mai cutarwa. Ya ce rancen korona da aka karɓa ta bankin NIRSAL da rancen manoma duk an yafe su, tun asali ma rabon talaka ne daga arzikin ƙasa, kada kowa ya biya ko sisi.

Wannan ƙarya ce. A Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 don magidanta da ƙananan 'yan kasuwa da annobar ta durƙusar, daga baya ya ƙara. Tun ranar farko da sunan rance aka sanar da shi, da kuɗin ruwa na kashi 5 wanda daga baya ya koma kashi 9, da wa'adin biya. Duk wanda kuɗin ya shiga asusunsa sai da ya amince da takardar sharuɗɗa. Shirin rancen manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 shi ma haka yake: a ba ka iri da taki da kuɗin aiki, ka biya da amfanin gona ko da kuɗi bayan girbi. Yafe bashin biliyoyin naira ba a ɓoye ake yinsa ba, Babban Banki ne zai fitar da takarda. Mai saƙon bai nuna ko ɗaya ba.

Waɗanda suka gaskata shi ba wawaye ba ne. A daidai lokacin an yi tallafin da kyauta ce ta gaske, kamar naira 30,000 da aka ba masu sana'ar hannu a shirin ceto ƙananan sana'o'i na 2020. Wasu 'yan siyasa kuma sun riƙa tallata rance kamar alherin da suka kawo wa mazaɓarsu. Ga manomin da ambaliya ko 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ga wanda dillali ya cike masa takarda ya yanke kasonsa tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Mai irin wannan nauyi idan ya ji an ce an yafe, ai zuciyarsa za ta so ta yarda.

Sai dai banki ba ya sauraron saƙon murya. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin da Babban Banki ya kafa wanda ya ba mai ba da rance damar bin lambar BVN ya cire haƙƙinsa daga duk wani asusu na wanda ya ƙi biya, ko a wane banki yake. Shi ya sa mutum zai sa kuɗin sarin kaya ko na makarantar yara, ya wayi gari an kwashe. Sunansa kuma ya shiga kundin masu taurin bashi, gobe ya nemi jari a hana shi. Wanda ya naɗi saƙon ba zai mayar masa da ko kwabo ba.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. An daɗe ana jayayya tsakanin masu cewa Babban Banki ya zuba kuɗi kai tsaye a noma da sana'o'i don samar da ayyuka, da masu cewa hakan hauhawar farashi yake haifarwa. Rancen manoma ya haura naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Lamuni ya ce kashi 24 kawai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, ya ɗan haura rabi. Ko wanne aka ɗauka, giɓin babba ne, kuma ya ƙarfafa hujjar ɓangare na biyu. Da Olayemi Cardoso ya karɓi bankin a 2023, ya ce za su janye daga irin waɗannan shirye-shirye. Manomin da ya biya nasa tsaf, da matashin da bai taɓa karɓa ba, su ma ƙofar ta rufe musu.

Idan ana bin ka bashi, je banki da kanka ka nemi lissafin abin da ya rage, ka roƙi a sassauta maka yadda za ka biya. Idan an karɓa da sunanka ba da saninka ba, ka kai ƙorafi a rubuce, in ba a saurare ka ba ka wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Duk wanda ya nemi BVN ɗinka ko wani kuɗi don ya goge sunanka, ɗan damfara ne. Saƙon kuwa, idan ya iso wayarka, ya tsaya a nan.