Yadda ake haɗa abin shafa na gida don rage karyewar gashi

Da shigowar hunturu, mata da dama kan koka da bushewar gashi da karyewarsa, lamarin da ke sa wasu kashe kuɗi masu yawa kan mayukan da ake cewa suna tsirar da gashi cikin 'yan kwanaki.

Sai dai a kimiyyance, gashin ɗan Adam na ƙaruwa ne da kimanin santimita 1 a wata, kuma babu wani haɗin gida da aka tabbatar yana sauya wannan. Amfanin haɗin shi ne hana gashin da ya riga ya tsiro karyewa, ta yadda tsawonsa zai riƙa bayyana.

Gashi mai murɗiya irin na yawancin 'yan Afirka ya fi saurin bushewa, domin man da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa cikin sauƙi zuwa ƙarshen silin. Shi ya sa yake buƙatar taimako daga waje.

Kayan haɗin guda uku ne: man kaɗanya cokali 2, man kwakwa cokali 1 da zuma cokali 1. Man kaɗanya na rufe silin gashi ya riƙe danshi, zuma kuma na jawo danshi. Shi kuwa man kwakwa, wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003 ya nuna yana ratsa cikin silin ya rage asarar sinadarin furotin.

Da farko a zuba man kaɗanya a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke. A sauke, a zuba man kwakwa da zuma, a juya sosai, sannan a bari ya huce.

Daga nan a jiƙa gashi kaɗan, a raba shi gida huɗu, a shafa daga tsakiya zuwa ƙarshe, inda karyewa ta fi yawa. A rufe kai da hular leda na minti 30, sannan a wanke da shamfu da ruwan ɗumi. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Kafin fara amfani, yana da kyau a shafa ɗan kaɗan a bayan kunne a jira kwana guda. Idan an ga ƙaiƙayi ko kumburi, a haƙura da shi. Masu amosanin kai kuma su guji barin mai a fatar kai, domin ƙwayar da ke haddasa shi na samun abinci daga mai.

Haka kuma, haɗin ba zai yi tasiri ba muddin ana yin kitso mai tsauri, wanda ke cinye gashin goshi, wani lokaci har ya ƙi dawowa.

Zubar silin gashi 50 zuwa 100 a rana abu ne da aka saba. Amma idan zubar ta wuce haka, ko aka ga wani wuri ya kwashe, ya kamata a garzaya asibiti, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, matsalar maƙoƙo ko makero na iya zama sanadi, kuma waɗannan maganin likita suke buƙata.