Fitilar Baya Hakkin Na Baya Ce

 Ya ku malamai da almajirai da 'yan kasuwa, maganarmu ta yau a kan wani ɗan abu ce wanda bai wuce ƙwan tantabara girma ba, watau ƙwan fitilar baya ta mota, wadda direbobi ke kira danja.

Ku sani fitilar gaba ta mai mota ce, da ita yake ganin hanya, in ta mutu shi ne farkon sani. Ita kuwa ta baya ba ya ganinta daɗai, domin wanda ke biye da shi aka yi ta. Saboda haka mutum ya kan yi wata guda yana yawo da matacciyar danja bai sani ba.

Ku duba lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya kan rufe hanya. Ɗan kasuwa ya sallaci asuba, ya loda buhunan hatsi a a-kori-kura, ya nufi Dawanau tun da sauran duhu. Bayansa ga wata mota ɗauke da mutane za su saukar karatu. Na gaba ya tarar da rami ya taka birki, jar wuta ba ta kama ba. Kafin na baya ya gane an tsaya, ya riga ya iso. Rayuka ne a cikin motar nan, abin da ya jawo kuwa ƙwai ɗaya ne wanda mai mota zai iya sakewa da hannunsa a ƙofar gidansa.

Fitilun baya iri biyar ne. Akwai ja mai dushi-dushi wadda ke kamawa tare da fitilun dare, da ja mai ƙarfi ta birki, da sigina mai ruwan lemo, da fara ta ribas, sa'an nan ƙarama mai haskaka lamba. A motoci da yawa jajayen nan biyu ƙwai ɗaya suka haɗa, mai zare biyu a cikinsa. Zare ɗaya ya kan ƙone ɗayan na nan lafiya, shi ya sa za ka ga fitila na ci da dare, amma in an taka birki ba ta ƙara haske.

Gwajin ba wuya. Ka murɗa makulli, ka sa yaro ya tsaya baya, ka taka birki, ka ba da sigina dama da hagu, shi kuwa yana faɗa maka abin da ya gani. In kai kaɗai ne, bayan magariba ka matsa da bayan mota kusa da katanga, ka dubi hasken da ke bugunta ta madubi. Sigina kuwa in ta shiga ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefe.

To, ga yadda ake sakewa. Ka kashe mota da fitilu, ka bari ƙwan ya huce. Ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗar da ke bayan fitila, za ka ga mazaunin ƙwan da wayoyi manne da shi. A wasu motoci sai an kwance noti biyu ko uku an zaro gidan fitilar duka. Ka murɗa mazaunin hagu ka jawo shi. In ƙwan mai gindin ƙarfe ne, ka riƙe shi da tsumma, ka danna ciki kaɗan, ka juya hagu, zai fito. In mai gindin gilashi ne, kamar na motocin Japan da yawa, zarewa kawai ake yi. Mai zare biyu yana da 'yan kunnuwa biyu a gindinsa, ɗaya ya fi ɗaya sama, don haka ta fuska ɗaya kaɗai yake shiga. In ya ƙi, kada ka tilasta shi, juya shi za ka yi. Ka gwada ya kama kafin ka mayar da noti.

Wajen saye, ka tafi da tsohon a aljihu, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon unguwa. A gindinsa akwai lambobi, ko ba ka yi boko ba ka iya gwada su da na sabon. Mai zare biyu an rubuta masa 21/5W. Ƙananan motoci 12V suke ci, manyan motocin kaya galibi 24V. Ka sa na 12 a babbar mota ya ƙone nan take, ka sa na 24 a ƙarama haskensa ya zama kamar na aci-balbal. Ka sayi biyu ka ajiye ɗaya cikin mota.

In an sa sabo bai kama ba, ka dubi mazaunin, tsatsa ta kan hana wuta wucewa, sai a kankare ta. In fitilun birki duka suka ɗauke lokaci ɗaya, ko fis ne ya ƙone, ko makunnin da ke wajen abin taka birki. Ka sake fis da mai lamba irin tasa. Kada ka naɗa masa waya kamar yadda wasu ke yi, gama fis shi ne ke ƙonewa a madadin mota. Abin da ya wuce wannan, da sababbin fitilu irin na LED waɗanda yawancinsu a rufe suke zuwa, sai a kai wa mai wayarin.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar mai matacciyar fitila. Amma malamai sun fi mu sanin cewa kawar da cuta daga hanya aikin lada ne, kuma tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Wanda ya san danjarsa a mace take ya hau titi da dare, ya tambayi kansa me zai ce ranar da za a tambaye shi. Ka maishe shi al'ada, kowace Juma'a in an wanke mota a taka birki a duba baya.

Allah Ya kiyashe mu da sharrin ƙarfe, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Haza wassalam.