Nazarin Gyaran Furuci da Matsayin Hausa a Cikinsa

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, idan yaro yana da i'ina ko tsamin baki, akan ce girma zai raba shi da su. Alhali kuwa akwai fanni guda na ilimi game da irin wannan lalura. Ɗalibinsa yakan nazarci gaɓoɓin furuci da ji da aikin ƙwaƙwalwa, sa'an nan ya sami horo a asibiti. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da shi, kuma hukumar da aka kafa a 1988 domin masu aikin farfaɗo da majinyata ita ke yi wa ƙwararrunsa rajista.

Sai dai akasarin ma'aunan da ɗalibi zai tarar a kan Ingilishi aka gina su, harshen da ba shi da ƙ ko ɓ ko ɗ, balle karin sauti mai bambanta ma'ana. Yaron da ke cewa "kafa" a maimakon "ƙafa" sai ya tsallake irin wannan gwaji sumul. To amma in ɗan Fulanin Ajingi ne, wataƙila lafiyarsa lau, domin Fulatanci ba shi da ƙ. Haka Basakkwacen da ya ce "zamna" a kasuwar Gaya, karin harshensa ne kawai. Tantance waɗannan aikin masanin tsarin sautin Hausa ne, ga shi kuwa ba kasafai ake neman shawararsa ba.