Lasin Farauta: Na Jiha Ɗaya Ba Ya Aiki A Wata Jihar

Da an kawar da amfanin gona, mafarauta sai su fara gyaran kwari da baka, a ɗaure karnuka, a nufi daji. Wasu a kusa da gida suke tsayawa. Wasu kuwa mota suke cikawa daga Kano ko Katsina, su yi Taraba ko Neja. Waɗannan masu nisan zango su ne suka fi shiga hannun hukuma, kuma sau da yawa rashin sani ne.

Abin da ya kamata a gane shi ne, kowace jiha ita ke da ikon namun dajinta. Jihohin Arewa sun gaji dokar namun daji ta 1963, wadda aka yi tun zamanin Jihar Arewa. Da aka rarraba jihohi, sai kowace ta kama nata. Saboda haka lasin da aka yanka a Kano, a Kano kaɗai yake aiki. Wanda zai yi farauta a Bauchi, sai ya nemi na Bauchi.

To, ina ake zuwa? Ofishin gandun daji. A wata jiha yana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, a wata kuma Ma'aikatar Gona. Malamin daji na Ƙaramar Hukuma zai nuna hanya, Sarkin Baka ma ya sani. Mutum ya tafi da katin shaidarsa, ya faɗi irin makaminsa da dajin da ya nufa. Kuɗin kowace jiha daban ne. In ya biya, lallai ya karɓi rasit mai hatimi. Kuɗin da aka miƙa wa wani a bakin daji ba rasit, sunansa cin hanci, kuma gobe wani ma'aikacin zai sake kama mutum.

A nan ne karatu yake rana. Mafarauci ya zauna ya karanta takardar da kansa: sunansa daidai ne? Yaushe za ta ƙare? Waɗanne dabbobi aka yarda masa?

Akwai namun da lasin farauta bai halatta su ba ko a wace jiha. Dokar Tarayya ta 1985 ta hana kashe zaki, damisa, raƙumin dawa da ayu, domin sun kusa ƙarewa. Haka nan akwai dazuzzukan da ba a shiga da makami. Gashaka-Gumti, Kamuku ta Birnin Gwari da dajin Tafkin Kainji na Gwamnatin Tarayya ne. Yankari ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006, amma har yanzu ba a farauta a cikinta. Falgore ta Kano ma haka. Sa wa daji wuta don a koro nama, ko zuba guba, laifi ne ko da lasin a aljihu.

Lasin bindiga kuma daban yake. Wannan aikin 'yan sanda ne, malamin daji ba ya ba da shi. Mai bindigar toka takarda biyu yake bukata.

Tafiya da makami a yanzu tana da haɗari. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogi a motarsu. Don haka ayarin da ya sauka a baƙon wuri, kafin ya shiga daji, shugabansa ya fara gabatar da su ga dagaci da ofishin 'yan sanda, a ga takardunsu, a rubuta sunayensu.