Yankan Bamba Ba Ya Ɗaga Cikin Mota

Damina biyu da suka wuce, wata Hilux da nake ciki ta soka hanci a wani kwazazzabo da ruwa ya ci a hanyar burji. Ba wani zurfi ne da shi ba, sai dai bakinsa a tsaye yake kamar an sare da wuƙa. Muka ji ƙarrr daga ƙasa, direba ya taka birki, muka sauko. Leɓen bamba na ƙasa ya kwashi jar ƙasa kamar cokali, gefe ɗaya ya ɓalle yana lilo.

Washegari a gareji aka yi ta mahawara a kan motar. Mai fanal bita ya tsuguna ya duba, ya ce da mai ita, "Alhaji, a yanke ƙasan nan kawai. Mota za ta ƙara tashi, ba abin da zai sake taɓa ta." Wani makanike da ke kwance ƙarƙashin wata motar ya leƙo da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yarda. Da ka taɓa bamba, jakar iska ta mutu ke nan." Mai walda kuwa cewa ya yi a cire robar gaba ɗaya, shi zai ƙera ta ƙarfe wadda ko saniya aka buge sai dai ita ta ji a jikinta. Alhaji ya tsaya yana kallon wannan yana kallon wancan. Maganganun nan uku su ne ke yawo duk inda ake gyaran motocin daji, kuma babu wadda za a ɗauka ɗungurungum a cikinsu.

Ta mai fanal bita ta fi daɗin ji, ita ce kuma ta fi yaudara. Yanke bamba ba ya ƙara wa mota tashi ko da faɗin farce. Tazarar da ke tsakanin mota da ƙasa ana auna ta ne daga abin da ya fi komai kusa da ƙasa a cikinta. A Hilux da Land Cruiser, galibi wannan shi ne kumburin nan mai kama da kabewa da ke tsakiyar aksil na baya, wanda makanikai ke kira difaranshal. A wasu motocin kuma kwanon baƙin mai ne ko salansa. Ka yanke bamba har ta ƙare, kabewar tana nan inda take, dutsen da ya buge ta jiya zai buge ta gobe. Ko ɗaga mota da dogayen sifirin ba ya ɗaga ta, jikin motar kaɗai yake ɗagawa. Taya ce kawai ke yin wannan aikin, ita ma rabin abin da aka ƙara take bayarwa: wanda ya tashi daga taya mai inci 31 ya koma mai inci 33, inci ɗaya ya samu, wato santimita biyu da rabi.

Abin da yankan ke canzawa daban ne, kuma yana da amfani na gaske. Shi ne irin tsayuwar gangaren da mota za ta iya tunkara tayar gaba ta hau kafin hanci ya ci ƙasa. Masu ƙera mota suna auna wannan da digiri, kowa kuma zai iya aunawa a ƙofar gidansa. A sami katako mai faɗi, a cusa bakinsa ƙarƙashin tayar gaba, a ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa wani abu a jikin motar. Karkatar katakon ita ce kusurwar, wurin da ya taɓa kuma shi ne mai laifin. Sau da yawa za a tarar ba bambar ba ce ma, wani ɗan leɓen roba ne ko maƙalar lamba.

Misali da lissafi: a ce daga inda taya ta taka ƙasa zuwa leɓen bamba santimita 80 ne, leɓen kuma yana sama da ƙasa da santimita 35. Kusurwar ta kama digiri 24 ko kusa da haka. A rage santimita 10 daga leɓen, sai ta haura digiri 29. Wannan bambancin ya isa ya raba wanda ya haye kwazazzabo da wanda ya kwana a bakinsa.

Wanda ke shakka ya dubi motoci biyu na Japan. Suzuki Jimny ta 2018 cikinta milimita 210 ne daga ƙasa. Subaru Outback ta ɗara ta kaɗan, wajen milimita 220. Amma Jimny tana tunkarar gangare mai digiri 37, ta sauka daga mai digiri 49 ba ta ja gindi ba, ita kuwa Outback ta yau da kullum kusurwar gabanta ba ta kai digiri 20 ba, saboda dogon hancin da ya zarce taya. Jeep Wrangler samfurin Rubicon tana kai wajen digiri 44, don tayoyinta na gaba kusan a bakin motar suke. Tsakanin Jimny da Outback dai, ga tashin ciki kusan ɗaya, ga iyawa ta sha bamban.

Sai batun jakar iska, wanda ya fi tsoratar da mutane. Abin da muke kira bamba a motar zamani abu biyu ne, fata da ƙashi. Fatar ita ce robar da ake gani, mai fenti, mai ɗauke da fitilun hazo. A bayanta akwai ƙarfe ko alminiyam da ya gitta daga wannan gefe zuwa wancan, an ɗaure shi a bakin shasi ta kan wasu 'yan akwatuna da aka ƙera musamman don su murƙushe kamar gwangwanin madara idan an yi karo. Na'urorin da ke sanar da kwamfutar mota cewa an yi haɗari, galibi a jikin ƙarfen da ke riƙe lagireto suke ko a jikin shasi, babbar kuma tana tsakiyar mota a ƙasan dashbod. Abin da suke ji shi ne yadda gudun mota ya yanke farat ɗaya, ba taɓawar roba ba. Saboda haka wanda ya rage gefen roba bai kashe jakar iskarsa ba, muddin bai datse waya ko ya tsinke wata na'ura a garin yankan ba. Nan makaniken ya yi kuskure.

Inda ya yi gaskiya shi ne idan aka kai ga ƙashin. Kwamfutar an daidaita ta ne a kan yadda gaban motar ke lanƙwashewa kamar yadda ta fito daga kamfani. A cire ƙarfen nan da akwatunansa, a liƙa wani katon bututu kai tsaye a shasi da walda, to bugun da zai isa ga na'urorin ya canza. Jaka tana iya fashewa a karon da bai kai ya kawo ba, tana kuma iya kuskure lokacinta a karon gaske, alhali duk aikinta bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ne ya sa kamfanoni irin su ARB na Ostareliya, da aka kafa a 1975, suke ƙera wa kowane samfurin mota tasa bambar da maƙalai masu murƙushewa, suna kuma gwada ta da jakar iska kafin su sayar. Mai waldan unguwa, komai kyan hannunsa, ba shi da inda zai yi wannan gwajin.

Shi kuwa zancen cewa bambar ƙarfe ta fi tsare rai, nan ne nake da ja sosai. Ostareliya ce gidan irin waɗannan ƙarafan, kuma dalilinsu a fili yake: mutum yana tafiyar ɗaruruwan kilomita babu gari, dabbar kangaru ta faɗo masa da magariba, lagireto ya fashe, ya rasa ruwa ya rasa taimako. Ƙarfen yana tsare lagireto da fitilu mota ta kai gida. Wanda ke bin hanyar da jakuna da raƙuma da shanu ke tsallakawa da dare zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. To amma tsare mota daban, tsare mutum daban. Gaban mota ana so ya lotse, domin lotsewar ita ke shanye ƙarfin bugun. Idan gaba ya ƙi lotsewa, ƙarfin ba ɓacewa yake yi ba, shasi yake bi ya isa ga wuya da ƙirjin na ciki. Mai motar zai fito yana murna fitila ba ta fashe ba, bayan wata guda a gano shasi ya karkace, tayoyi suna cin gefe ɗaya.

Na waje kuwa ba a magana. Roba tana lanƙwashewa ta ɗauki mai tafiya a ƙasa ta jefa shi kan bonet. Ƙarfe ba ya ba da kai, tsayinsa kuma daidai ƙugun babba ne, daidai kan yaro. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005, wadda daga 2007 ta hana sayar da irin waɗannan ƙarafan sai waɗanda suka ci gwajin kare masu tafiya a ƙasa. Indiya ta umarci jihohinta su hana su a Disambar 2017. Motar da rabin rayuwarta a cikin gari take, tsakanin 'yan makaranta da masu babur da masu tura kura, ni dai ban ga hujjar ɗaura mata layin dogo a goshi ba.

Akwai kuma abin da mai walda ba ya faɗa, wato nauyi. Bambar ƙarfe cikakkiya takan wuce kilo 50, idan aka ƙara injin jan mota mai igiya sai ta doshi nauyin buhun masara. Duk wannan yana rataye ne a can gaban tayoyi. Sifirin na gaba ya zauna, hanci ya sunkuya, sai ka ga santimitocin da aka je nema an mayar da wasu tun mota ba ta bar gareji ba. Birki ma sai ya ƙara nisa, kayan da mota za ta iya ɗauka kuma su ragu daidai nauyin ƙarfen.

Wasu na cewa cire leɓen roban ƙasa yana sa inji zafi da shan mai. Wannan gaskiya ne, ko da yake ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Leɓen yana karkatar da iska ne ta bi ta lagireto maimakon ta tsere ta ƙarƙashi, yana kuma rage turjiyar iska a kan kwalta. Kamfanin General Motors, a littafin jagorar wasu motocinsa na a-kori-kura irin su Chevrolet Colorado, ya yarda a cire shi idan za a shiga daji, ya kuma gargaɗi mai mota ya mayar da shi bayan ya fito. A sanyin Janairu ba za ka lura da komai ba. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, da lodi, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, allurar zafi za ta gaya maka.

A Amurka masu Toyota 4Runner sun mayar da yankan kusurwoyin bamba wani salo na musamman, suna buɗe gaban tayoyi don su fara haɗuwa da dutse kafin roba. Waɗanda suka yi sun san abin da ke jiransu a ciki: jarkar ruwan wanke gilashi tana maƙale a bayan kusurwar dama, da an yanke sai ta fito tsirara tana jiran tsakuwa. Haka kowace mota take da nata ɓoyayyun kaya a wurin, wayoyin fitila, na'urorin da ke ƙara idan an kusa bango, a motocin dizal kuma har da wani ƙaramin lagireton sanyaya iskar inji. Shi ya sa mai hankali yake kwance bambar ya ga bayanta tukuna, ya ja layi da salatif a gefe biyu ya auna su daidai, ya yanka ƙasa da abin da yake so, ya goge bakin, ya bi shi da robar kariya, ya ɗaure robar cikin mudgad don kada taya ta cafke ta. In an buɗe ƙasa sosai, sai a sa farantin ƙarfe ya tsare lagireto da kwanon mai, wanda a ganina ya fi kowace bamba cancantar kuɗin mutum.

Ana yawan mantawa da baya. A a-kori-kura gindi ne ya fi zarce taya, kuma abin da ke ja a ƙasa wajen fita daga kwari yawanci ƙarfen jan tirela ne, ko safayar taya da ke rataye a ƙarƙashi, ko bakin salansa. A rairayi kuwa bamba ba ta cikin lissafi sai a gindin tudu. Direbobin da ke tashi daga Agadas su nufi Dirku sun san maganin yashi shi ne rage iskar taya, ba yankan roba ba. In kuwa mota ta kafe, kada a ɗaura igiya a bamba, ta roba ce ko ta mai walda. Ƙarfen da ya tsinke a ƙarshen igiyar da aka fizga da mota yana tashi ne kamar harsashi, ya kuma sha hallaka mutane.

Alhaji dai katako aka kawo masa daga wurin kafinta na kusa. Aka cusa ƙarƙashin taya aka ɗaga, sai ga shi ya taɓa wani leɓen roba da kusoshi 'yan kaɗan ke riƙe da shi. Yaron gareji ya kwance shi da sifana lamba goma cikin 'yan mintoci, ya ɗaure gefen da ya ɓalle, ya jefa leɓen a bayan mota tare da kusoshinsa a cikin ledar burodi, don a mayar idan damina ta wuce.